Kabarin ƙanena a bakin tekun Girka

Lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasarmu, ƙanena ya samu aiki a jirgin ruwan Girkawa mai kai siminti Legas. Ni ina London, ina wanke tukwane a otal. Zazzaɓi ya kashe shi, Girkawan suka binne shi a wani ƙaramin gari a bakin tekunsu.

Sai bayan shekaru na samu halin zuwa. Daga Piraeus, tashar jiragen ruwansu, na hau bas, hanya tana bin gaɓar teku. Sauran fasinjoji wanka za su, suna ta waƙa. Ni kabari nake nema in yi masa addu'a.

Tsohon da ke gadin maƙabarta ya nuna mini wurin. Hoton wata mata ne a kai. Direban bas ya fassara mini cewa a can tone ƙasusuwa ake yi bayan 'yan shekaru. Wanda danginsa ba su zo ba, sai a zuba shi a rami ɗaya da kowa.

Na ce, "Baba, ina ramin?"

Ya kai ni bayan coci. Murfin ƙarfe kawai na gani. Na cire takalmi, na tsuguna, na yi addu'ar a kan murfin.