Ƙafar Farko a Gidan Inna Nhu

Shekara arba'in Inna Nhu ta yi tana naɗe wa mutanen ƙauyensu shinkafar bikin Tet, wato bikin sabuwar shekararsu. Ganye kore, shinkafa mai danƙo, wake da naman alade a tsaki, ta ɗaure da zaren gora, kusurwa huɗu cif. Mijinta ya mutu tana da ƙuruciya, da wannan sana'a ta raini 'ya'ya biyar, ta binne biyu.

Ba ta wasa da al'ada. Kwana ukun farkon shekara tsintsiya ba ta taɓa ƙasa a gidanta, kada a share arziki. Abin da ta fi tsanantawa shi ne wanda zai fara taka gidan da safiyar sabuwar shekara, domin da ƙafarsa sa'ar shekarar take shigowa. Shekara goma sha biyu maƙwabcinta Malam Khoat, malamin lissafi, shi ne mai wannan ƙafa.

A watan tara 'yarsa Quyen ta rasu, tana da shekara ashirin da huɗu. Mai makoki ba ya shiga gidan kowa ranar Tet, balle ya zama na farko. Malam ya san haka sarai.

Amma da gari ya waye, ana yayyafi mai sanyi, sabo ya ɗebe shi. Ya sa rigarsa mai kyau, ya bi ta gefen kududdufi. Sai da ya ɗaga ƙafa a bakin ƙofarta idonsa ya faɗa kan baƙin ƙyallen makoki da ke ƙirjinsa. Ya ja baya. In ya taka, duk abin da ya sami gidan a shekarar a wuyansa yake.

Inna Nhu na zaune a baranda, ta gan shi.

"Malam, ƙafar ce ta sage, ko ƙofar ce ta yi maka ƙanƙanta?"

"Inna, ki yi haƙuri, mantuwa na yi. Muna makoki."

"Na sani mana, ba ni na wanke gawar Quyen ba?"

Surukarta Thoa ta fito daga kicin da sauri. "Inna, ai mun gaya wa Kawu Tuat ya zo a madadinsa, yana hanya."

"Tuat? Wanda ko agwagwa ya kiwata sai ta nutse? Ya jira." Ta juya. "Malam, ni ma na tsaya a bakin ƙofofin mutane da wannan ƙyalle, sau uku. Ba wanda ya ce in shigo. Shigo, shayi na hucewa."

Ya shiga. Ya yi mata fatan lafiya da tsawon rai kamar kowace shekara, sai dai muryarsa ta tsinke a tsakiya. Ta jira, ba ta taya shi ba, har ya ƙarasa. Sannan ta ɗauko ƙullin shinkafa guda da ta ware.

"Na Quyen ne, ka ajiye gaban hotonta. Na rage kitse, kullum tana mini tsiya wai ina cika shi."

A daminar shekarar iska ta yaye rufin kicin ɗin Inna Nhu. Malam ya kwana uku bai iya haɗa ido da ita ba. Da Thoa ta fara gunaguni a kan ƙafar farko, tsohuwar ta ce rufin ya shekara talatin, ta aika a kira Malam ya riƙe mata tsani.