Shekarar da Na Yi Binne

Mu Kiristocin ƙauyenmu 'yan gidaje ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, can wajen Makoɗa. Majami'armu ɗakin ƙasa ce mai rufin kwano, kuma a cikinta babu wanda ya kai ni tsawon addu'a. In fasto ya ce in rufe sujada, sai ka ga mata suna kwance goyo suna gyara zama. Kullum da magana ɗaya nake ƙarewa: "Ya Ubangiji, mun bar maka komai, ka yi yadda ka so." Sai dai kafin in kai nan, na riga na tsara masa yadda zai so ɗin dalla-dalla.

Shekarun fari ne. Damina ta yi mana rowa a jere, rumbu ya zama ɗakin kwanan kaji. Abin da ya rage a gidana shi ne irin gero a cikin tulu, sai wani ɗan gero a tukunya wanda matata ke tsakura tana dama wa yara kunu.

Sai na ce zan yi binne, wato in zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In ya yi yayyafi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone. Ana yi, amma mai irin sakewa ne ke yi.

Matata ta ce, "Maigida, in ya ƙone fa? Da me za mu sake?"

Na ce, "Ke matsalarki ƙarancin bangaskiya. Ni na miƙa wa Allah."

Ta ce, "To."

Miƙawa ina! Maƙwabcina na gona, wani malami mai koyar da karatun allo, shi ya riga ni cin tumu a daminar baya, har ya aiko wa yarana, abin ya tsaya mini a rai. So nake bana ni in aika masa. Ya same ni ina ta sara da sungumi, gumi na zuba, ya ce, "Maƙwabci, ba za ka jira ba?"

Na ce, "Malam, mu ma fa muna da Allah."

Ya yi dariya ya ce, "Ai shi nake cewa ka jira."

Da na gama, na durƙusa a bakin gona na ba Ubangiji tsarin aiki: ruwa ya zo cikin makon nan, mai ƙarfi, ya ɗan huta, ya sake, amma don Allah ban da ranar kasuwa. Na rufe da cewa ya yi yadda ya so.

Ya kuwa yi. Aka yi ɗan ruwa, daidai wanda zai yaudari iri. Gero ya tsiro, na dinga zagaya gona hannu a baya kamar malamin gona. Ranar Lahadi har na miƙe na ba da shaida, na saci kallon matata a wajen maganar bangaskiya. Daga nan sama ta washe, rana ta buɗe wuta. Ina ji ina gani tsiron ya lanƙwashe, ya yi fari, ya bi iska.

Na yi fushi da Allah, fushi na gaske. Fasto ya ce in yi addu'a, na ce maƙogwaro ke damuna. Yaji na yi, ina jiran a zo biko, babu wanda ya zo. Mutanen majami'a ma na lura sun ji daɗin tashi da wuri.

Sannan ruwan gaske ya sauka da asuba, kamar da bakin ƙwarya. Gari na wayewa kowa ya fita da sungumi, ni ina zaune a ƙofar gida. Malam ya aiko da irin da ya rage masa, cikin tafin hannu, ko kusurwar gona ba zai rufe ba. Na bi gidaje neman iri, kowa nasa da ƙyar ya ishe shi.

Da na dawo, matata ta juye geron tukunyar nan a ƙwarya ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ga shi. Ko ciki ko gona, kai ne maigida."

Na zuba wa geron ido. In mun ci, ba zai kai mu kaka ba, kuma babu abin girbewa. In mun shuka ruwa ya sake ɗaukewa, na zubar da abincin 'ya'yana a ƙasa da hannuna. Tsoro ya kama ni, don a ranar na gane ban san komai ba game da gobe.

Muka tafi gona. A bakin iyaka ta ce in yi addu'a. Na buɗe baki, babu tsari, babu shawarar da zan ba kowa. Na ce, "Ubangiji, ga shi nan." Ta jira ci gaba, da ta ji shiru ta ce amin.

Ina sara, tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. A ramin ƙarshe ta kife ƙwaryar ta buga bayanta.

Muna shiga gida yaran suka taso da gudu, suka karɓi ƙwaryar suka leƙa ciki. Ban iya haɗa ido da su ba. Na ɗauki kwando na fita neman ganyen tafasa.