Tosu, Bakin Ƙanwarsa

Wannan karkataccen hancin da nake yawo da shi aikin Tosu ne. Muna samari ya yi mini shi a tsakar gidan hayarmu da ke unguwar Akpakpa a Kwatano. Akuya na daka wa tsawa, aka yi rashin sa'a ƙanwarsa Senami tana wucewa, shi kuma ya ɗauka da ita nake. Na dai ga ya cusa hannayensa biyu a hammata kamar mai jin sanyi. Sai farkawa na yi a ƙasa, bakina cike da jini, uwata tana kururuwa tana kiran sunana, Medar, Medar, kamar wanda ya riga ya tafi.

Duk Kwatano babu wanda zai ce ya taɓa ganin Tosu ya kai naushi. Da goshi yake faɗa, da gwiwa, in ta kama har da haƙori. Hannayen kuwa lallaɓa su yake yi, kullum suna shan man kaɗanya, domin da su yake cin abinci. Tafintan kurame ne.

Sanƙarau ne ya toshe kunnen Senami tun tana 'yar mitsitsiya. Uwarsu tana bakin ruwa tana bandar kifi, don haka Tosu ke goya ta zuwa makarantar kurame, ya zauna a bakin taga yana jira har a tashi. A nan maganar hannu ta shige shi. Kafin gemu ya fito masa, duk kurman da ke da matsala a asibiti ko caji ofis ko wurin neman aure, Tosu yake aika a kira.

Sau ɗaya ya taɓa yin ƙarya a aikin. Ya raka wani tsohon magini asibiti, likita ya ce sai an yanke ƙafa, tausayi ya kama Tosu ya ce wa tsohon dubawa kawai za a yi. Mutum ya farka ba ƙafa. Manyan kuramen unguwa suka tare Tosu a bayan coci, suka zane shi da bel har fatar bayansa ta tsage, sannan suka ɗaure masa hannu ta baya suka bar shi a rana wuni guda. Tun daga nan bai ƙara rage ko ƙwayar kalma ba. Ko uwarsa aka zaga a wurin aiki sai ya isar da zagin daidai yadda aka yi shi, in an fito waje a yi ta ta ƙare. Kuma duk abin da aka faɗa da hannu, in akwai mai ji a wurin, sai ya maimaita da baki. Da haka nake sanin hirarsa da ƙanwarsa, don ni maganar hannu ta ƙi shiga kaina.

Ina son Tosu, kada a ji ni ba daidai ba. Amma mugun ɗan iska ne, kuma ƙanwarsa ce ta fi kowa shan wahalarsa. Ta koyi ɗinki, maigidan ya tafa hannu a bayanta don ya ba abokansa dariya, Tosu ya zubar masa da haƙoran gaba. Aka kore ta. Ta koma shagon buga takardu, ta ƙware har ɗaliban jami'a suna layi a kanta, wani ya kwaikwayi muryarta, Tosu ya fasa gilashin injin hoto da fuskar mutumin. Aka kore ta. Wani kafinta kurma, mai hankali, ya fito neman aurenta. Suka yi 'yar gardama irin ta masoya, Tosu ya hango hannaye suna tashi sama, ya zo ya karya masa haƙarƙari. Daga nan ba wanda ya sake tsayawa a ƙofarmu. Ta haura talatin tana zaune a ɗakin uwarta da ta rasu, tana ƙulla gyaɗa a leda, ita da yatsunta suka fi na kowa sauri a kan kwamfuta.

Sai ga wani ofishin lauyoyi a unguwar Ganhi yana neman mai buga takardu. Ta je ita kaɗai a ɓoye ta yi gwaji, ta zo ta ɗaya. Abin da ya rage shi ne 'yar gajeriyar ganawa da mai ofishin, Metir Kpadonu, wata dattijuwar lauya. Wannan kam dole sai da tafinta, kuma duk garin nan ba wanda ya kai Tosu.

Da safen ranar ta fito da farar riga sabuwa fil. Ta tsaya a gabansa, ta ƙwanƙwasa goshinta da yatsa, don sunansa ke nan a wurin kurame, sannan hannayenta suka shiga aiki. Shi kuma yana faɗa mini da baki. Fofo muke kiransa, wato yaya da yaren garin.

"Ta ce, Fofo, yau baki ne kai, ba ka da kai ba ka da ƙafa. Ta ce ko tofa mata yawu aka yi a fuska, in tsaya ina kallo." Ya yi dariya. "Ka ji fa, Medar. Kamar wani mahaukaci."

Na ce, "Kamar? Hau mu tafi, malam."

Ni ɗan zemijan ne, acaba ke nan, mu masu rawayar riga. Na ɗebe su su biyu, ita a tsakiya. An kwana ana ruwa, hanyoyin unguwa duk sun zama tafki. Kafin gadar da ake haurawa zuwa Ganhi mai ya yi ƙasa, na tsaya wurin masu sayar da fetur a kwalba. Har yau ina tsine wa wannan tsayuwar.

Wasu ƙartai uku na zaune a benci, tun da sassafe suna warin giyar sodabi. Senami ta sauko tana gyara siket, ta yi wa yayanta wata magana da hannu. Ɗayansu, mai jar hula, ya miƙe yana karkaɗa yatsu a gaban fuskarta yana "be-be-be."

"Kai, ku zo ku ga bebiya an ci ado! Ina zuwa, madam? Gidan rediyo?"

Ita ko a jikinta. Ta kauda kai, ta riƙe hannun rigar Tosu gam. Na ce, "Fofo, don girman Allah, ga man nan an gama zubawa." Sai mai jar hular ya kai hannu ya ɗan ja mata siket ta baya.

Ban ga lokacin da hannayen suka shige hammata ba. Ƙarar kawai na ji, kamar an fasa kwakwa. Mai jar hula ya zube, hancinsa ya baje a fuskarsa. Na biyun ya taso, Tosu ya tare shi da gwiwa a mara, yana sunkuyawa ya ƙara masa a haɓa. Na ukun ne ya yi wayo. Ya suri kwalbar fetur cikakkiya ya sauke masa ita a tsakar ka. Kwalba ta tarwatse, fetur da jini suka wanke shi. Mutumin ya bi da guntun da ya rage a hannunsa, ya tsaga masa kunci daga kunne zuwa gefen baki. Tosu bai ja da baya ba. Ya faɗa kansa suka tafi ƙasa tare, ya kafa haƙora a kunnensa, ya girgiza kai kamar kare. Mai sayar da fetur tana ihu, "Wuta! Kada wanda ya kunna komai! Za ku ƙone ni, 'yan banza!"

Senami ce ta raba su. Ta cire takalminta mai tsini ta dinga sauke masa a gadon baya, tana wani irin kuka daga maƙogwaro wanda ban taɓa ji ba duk zamanmu. Da ya ɗago ya juyo, jinin kuncinsa ya yi feshi a gaban farar rigar, daga wuya har ciki.

Ta dubi rigar. Ta dubi agogonta. Ta mayar da takalmi ta hau babur.

A ƙofar ofishin mai gadi ya ce ko gawarsa ba za mu tsallaka ba. Sakatariya ta leƙo ta toshe hanci ta koma. Can sai ga Metir da kanta a saman bene, 'yar ƙaramar mace mai furfura da gilashi a karan hanci.

"Wace ce Senami? To. Wannan fa da aka ƙwato daga mahauta?"

Tosu ya ce, "Tafinta ne, Metir."

"Kai kuma mai rawayar riga?"

Na ce, "Ni ne mai riƙe masa kai, Metir." Gaskiya na faɗa. Na cire rigata ta ciki na danne masa tsakar ka da ita, don in ya riƙe da kansa ba hannun magana.

Ta ce, "Ku hau. A buɗe tagogi, kuma duk wanda ya ƙyasta ashana a gidan nan sai na ɗaure shi."

Haka muka jeru a gaban teburinta: Senami a kujera, Tosu a tsaye a gefen lauya inda za ta gan shi sosai, ni a bayansa ina danne da tsumma. Jini na ɗiga a kan tayil. Amma da ya ɗaga hannayen nan, tsaf suke, ko ƙwarzane babu.

Metir ba ta da dogon zance. Ta tambayi inda ta koyi aiki. Ta tambaya ko za ta iya zama har yamma in shari'a ta matso. Ta ce a nan ana ganin asirin mutane, kisan aure da rikicin gado, yaya bakinta yake? Senami ta yi ɗan murmushi ta amsa, Tosu ya ce, "Metir, duk garin nan ba ki da mai riƙe baki kamar ni." Tsohuwar ta kusa yin dariya. Na ji sanyi a raina, na ce an gama.

Sai ta cire gilashi ta nuna rigar.

"Aikinki na gani, ba ni da ja. Amma takardunki sun nuna ba kya daɗewa a wuri. Kuma yau kin shigo mini da jini. Masu zuwa nan a tsorace suke zuwa. Ki gaya mini, wannan abin zai dinga biyo ki ofis ne?"

Tosu ya isar.

Senami ta gyara zama, ta zuba wa lauyar ido, ta fara. Muryar Tosu ta biyo ta.

"Wannan yayana ne. Shi ya goya ni. Shi ne kuma ya kore ni daga duk inda na taɓa samun wuri. Ya kore ni daga ɗinki, ya kore ni daga shago, ya..."

Ya tsaya. Metir ba ta san ko alama ɗaya ba, ni ma haka. Da ya ce ƙanwata ta ce ba za a sake ba, da shi ke nan, wa zai ƙaryata shi? Senami ta ga leɓensa ya daina motsi. Ta tashi, ta dunƙule hannu ta zabga masa a ƙirji har sai da ni ma na yi baya. Ta nuna bakinsa. Ta sake maimaita alamar a hankali, dab da idonsa.

"Ya karya mutumin da zan aura," in ji Tosu. Muryar ta dushe, jini na shiga bakinsa ta tsagar kuncin yana haɗiyewa. "Masu yi mini ba'a ba na jin su, Metir. Ko sun wuni suna yi ban san suna yi ba. Shi nake gani. Tun ina yarinya jinin mutane nake gani saboda ni, ban kuwa taɓa roƙonsa ba. Tsoronsa nake ji. Na gaji da shi. In kin ɗauke ni zan bar gidan, kuma ba zai san ɗakin da na kama ba."

Na zubar da hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Haushinta ya kama ni, haushinsa ya fi, don duk abin da ta faɗa a gabana aka yi shi.

Metir ta mayar da gilashinta. "Litinin ki fara. Ni da ke a rubuce za mu dinga magana, ba ma bukatar kowa a tsakani. Shi kuwa in na ga ƙafarsa a layin nan, a ranar aikinki ya ƙare. Gaya mata."

Ya gaya mata, bai rage komai ba. Ta ɗan rusuna wa lauyar, ta taɓa haɓa ta miƙa hannu gaba.

Tosu ya ce, "Na gode, Metir."

A kan matakala ya sha gabanta, ya ɗaga hannu ya fara magana. Senami ta runtse ido. Kurma in ya rufe maka ido ya gama da kai, ko ihu ba ka da shi. Ta lalubi ƙarfen bene ta raɓa ta gefensa ta sauka. A bakin titi ta tsayar da wani zemijan, ba ni ba, ta hau ba ta waiwayo ba.

Shi kuma yana tsaye yana ta yi da hannu, har babur ɗin ya sha kwana. Wannan karon bai maimaita da baki ba.

Na ce, "Fofo, mu je a ɗinke ka. Me kake ta ce mata?"

Ya tofar da jini a kwata.

"Cewa na yi ta jiƙa rigar a ruwan sanyi. In ta sa na zafi ba zai fita ba."