Ɗan ƙanwata mai wasan ƙanƙara

Shekarun baya, ƙanwata da ke aure a Suwidin ta kira ni ta ce ɗanta zai zo umra, kuma a wajenmu zai sauka a unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki. A Suwidin aka haife shi, ban taɓa ganinsa ba sai a waya. Bai daɗe da cika sha tara ba, wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki yana buga mata hoki na kan ƙanƙara. Ɗan baya ne, wato cikin masu tare gida.

"Yaya, don Allah ka yi masa magana," in ji ta. "An buga kansa da bango, ya fi wata ba ya son haske. Yanzu kuma sun ce za su tura shi aro wata ƙaramar ƙungiya a arewacin ƙasar. Ka ce ya bari, ya koma karatu. Kai yana jin nauyinka."

Na ce mata an gama. Ni da ƙanƙarar da na sani ba ta wuce wadda muke jefawa cikin ruwan sayarwa a unguwar Kudai ba.

Da na ɗauko shi a tasha sai da na ɗaga kai kafin na ga fuskarsa. Ƙato ne, haƙorinsa na gaba ɗaya babu. Hausarsa guntu-guntu, tawa kuma rabinta Larabci, haka muka yi ta lallaɓawa. Mahaifiyata na ganinsa ta ce, "Wannan mijin nawa, wa ya cire maka haƙori ban sani ba?" Ya yi dariya ya durƙusa ya gaishe ta.

Ranar umra shi ya tura ta a keken guragu. A wurin sa'ayi cunkoso ya yi yawa, na lura duk inda jama'a suka turo sai ya juya ya sa bayansa, ba ya ture kowa, ba kuma wanda ya taɓa keken. Na ce masa ya iya. Ya ce ai aikinsa ke nan.

Sai da ya kusa tafiya na samu na ɗauko maganar, muna cin shinkafa da rana. Na yi dogon jawabi kan lafiya da haƙƙin uwa, har da karin magana biyu da na tabbata bai gane ba. Ya saurara har na gama.

"Kawu, ni ma tsoro nake ji," ya ce. "Tun da abin ya faru, in na nufi kusurwar fili sai ƙafata ta tsaya kafin ni. Koci ya gani, shi ya sa za a tura ni can. Likita ya ce na warke. Ina so in je in gani ko tsoron zai tafi. In bai tafi ba, da kaina zan ajiye sandar wasan."

Ban shirya wa wannan amsar ba. Sai mahaifiyata ta yi magana daga kan tabarmarta.

"Khalas, ya isa, ku ƙyale shi. Uwarsa da za ta bi miji ƙasar sanyi, na yi kuka na yi roƙo, ta fasa?"

Na kira ƙanwata na gaya mata yadda aka yi, har da maganar Inna. Sai ta kashe wayar. Mun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yaron ya tafi arewan. Ya yi kakar wasa guda a can, ƙungiyarsa ta dawo da shi, daga baya ta sake shi, wata ta ɗauka. Bai zama tauraro ba, har yau dai yana bugawa, kuma ya yi aure. Uwarsa ba ta taɓa zuwa filin ba. Ranar wasa takan zauna a mota a waje har a tashi.

In na tuna, ba na ganin na yi daidai ko kuskure, don ba ni na yanke ba. An aike ni in hana mutum abin da ban san ko mene ne ba, na je na samu ya fi ni sanin hatsarinsa. Tun daga nan, in aka ce in je in yi wa wani yaro faɗa, nakan fara tambayarsa abin da yake tsoro.