Karkashin da ya jawo mini aski

Shekarun baya can, a farkon shekarun saba'in, ina aji bakwai a firamare. Gidanmu yana Gafasa, amma saboda makaranta a Gaya nake zaune, wajen goggona, ƙanwar mahaifina. Ba ni da haske, ba ni da tsawo, lissafi kuma kullum ni ce a ƙarshe. Abu ɗaya Allah ya ba ni, shi ne gashi. Idan aka tsefe shi har kafaɗa yake sauka, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da shi fiye da kima.

Ana nan sai aka ce mai hoto zai zo daga Kano ranar Asabar ya ɗauki 'yan ajinmu kafin mu fita. Ban taɓa tsayawa gaban mai hoto ba a rayuwata. Yayar ƙawata, wadda ke kwalejin horon malamai, ita ta koya mana abin da 'yan birni suke yi: a raba gashi ƙanana-ƙanana, a murɗa bibbiyu kamar tufkar igiya, a bar shi kwana uku, sannan a warware da yatsa, kada mataji ya taɓa shi. Sai ya fito a nannaɗe, a tura ɗankwali baya a bar gaban a waje. Ta ce man shanu kaɗan ya isa. Ni kuwa da iyayina na jiƙa karkashi na ƙara, wai don yauƙinsa ya riƙe murɗin sosai.

Ya kuwa riƙe. Ranar Juma'a da hantsi na warware guda biyu don in gwada, na duba a ɗan madubin goggo, na kusa yin kuka don daɗi. Abin da ban lura da shi ba, karkashin ya bushe ya bar fari-fari a jikin gashin.

Goggo tana wucewa da ƙwarya ta tsaya a kaina. Ta ce ƙwan ƙwarƙwata ne, na cika mata gida da ƙazanta. Na rantse mata karkashi ne, na ce ta bari in wanke ta gani. Ta ce ƙarya nake yi, wa ya taɓa barin karkashi a ka ba a ɗauraye ba. Hayaniyarta ta jawo maƙwabta, mata suka shigo suna leƙa kaina suna ja da baya. Biyu suka danne ni, ita kuma ta ɗauko almakashi, ta bi da reza. Ina ihu ina cewa a kawo ruwa kofi ɗaya kawai, babu wadda ta motsa.

Ban je hoton ba. Ƙawata ta ce malaminmu ya tambaye ni sau biyu. Da mahaifiyata ta ji labari, cewa ta yi in yi haƙuri, gashi ne, zai fito. Ya fito, amma inda rezar ta yanke ni a gefen hagu har yau fili ne.

Shekara fiye da ashirin ina gaishe da goggo a tsugune, zuciyata tana tafasa. Da ta kwanta ciwon ajali na je jinya. Wata rana ina tsefe mata furfura sai ta riƙe hannuna.

Ta ce, “Ke 'yar nan, ranar nan fa na sani.”

Na ce, “Kin san me, Goggo?”

“Tun yankan farko na murtsuke ɗaya a farce, bai yi ƙara ba, na gane ba ƙwai ba ne. To ga mutane sun cika gida, na riga na faɗa. Kunya ta hana ni tsayawa.”

Wallahi da ma ba ta faɗa mini ba. Duk shekarun nan ina lallashin kaina da cewa kuskure ta yi. Ashe da saninta ta ƙarasa, don kada matan unguwa su ce ba ta iya gani ba. Ta ce in yafe mata. Na ce na yafe, kuma har ga Allah na yafe. Amma haushin bai tafi ba, har yanzu da nake rubuta wannan.

Abin da ya bar mini shi ne, ni ma ina da saurin faɗa, jikokina shaida ne. Sai dai duk ranar da na ɗaga murya a kan yaro, na kuma gane a tsakiya cewa ni ce ban da gaskiya, nan take nake tsayawa, ko gidan cike yake da baƙi, in ce masa, “Ni na yi kuskure.” Kunyar ba ta kai minti biyu.