Jan Murfin Fulas

Shekarar da na yi aiki a Mina, a tantin alhazan China ɓangaren mata, ni ce mai shayi. Mu 'yan unguwar Rusaifa da ke nan garin Harami haka muke, Hajji na zuwa kowa ya kama abin yi. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, sai nuni da hannu, sai kuma wata tafinta mai ɗan Larabci.

Akwai wata a cikinsu, ba za ta wuce sa'ata ba, da ta ba ni haushi tun ranar farko. Da safe ina ajiye fulas, sai ta cire jan murfinsa, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu ta ƙura masa ɗayan, sannan ta sauya. Shayi na hucewa, baiwar Allah tana kallon murfi! Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Rana ta uku na ce wa tafinta, "Don Allah tambayar min ita, zinare ta gani a jiki?"

Tafinta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Jijiyar idonta ce ke kumbura. Garkuwar jikinta ce ta juya tana cin jijiyar, an gani a gwajin jini. Na hagu ya kusa tafiya. In ciwon zai taso, ja ne ke fara koɗewa. Shi ya sa ta yi gaggawar zuwa, tana so ta ga Ka'aba da wanda ya rage."

Wallahi na ji kunya. Na ɗauki fulas ɗina na koma gida bayan Hajji, na manta da ita.

Bayan shekara biyu idona na dama ya fara ciwo. Ba ja, ba ruwa, sai dai in na juya shi in ji kamar ana jan zare daga can ciki. Inna, mahaifiyata, ta ce kambun baka ne, ai a bikin 'yar maƙwabta kowa sai da ya yaba idanuna. Ta je har kasuwar Zahir ta sayo kwalli mai kyau, ta ce in dinga sawa ina wankewa da zamzam. Ba laifin Inna ba ne. Ni ce na sani. Kullum da safe ina zuba shayi daga fulas ɗin nan, ina kawar da kai daga murfinsa, don tsoro nake ji. Kwana tara ina wannan wauta.

Ran na goma na rufe idon hagu na duba. Murfin ya koma kalar tsohon lalle, tsakiyarsa kuma babu komai.

A asibiti wata likita ta haska min ido ta ce, "Hajiya, ina kika shiga duk kwanakin nan?" Kwana biyar ana ɗura min magani ta jijiya. Da gwajin jini ya fito, ta fara yi min bayanin garkuwar jiki, na ce ta bari, na taɓa jin wannan karatun a Mina. Idon bai dawo ba sai inuwa-inuwa. Ta ce ciwon yana iya sake tasowa, kuma ba ya zaɓen ido.

Tun daga nan kowace safiya sai na cire murfin na duba. Ƙanwata da muke zaune tare takan ce, "Yaya, shayi fa yana hucewa." In ce ya huce mana.

Ranar Talatar da ta wuce na waiwaya zan amsa sallama, sai na ji zaren nan ya ja, a hagu. Na ɗauki murfin, na rufe idon dama, na daɗe ina kallo. Na ce wa ƙanwata, "Ke, wannan wace kala ce?"

Ta ce, "Ja mana, jawur. Lafiya?"

Na ce ta ɗauko min abaya ta kira mota. A hanyar asibiti akwai inda hasumiyoyin Harami ke leƙowa tsakanin gine-gine. A garin nan aka haife ni, na wuce wurin sau ba adadi ina danna waya. Ran nan na manna fuska da gilashi, na yi ta kallonsu har titi ya karya kwana.