Maharbin da Ke Kau da Kai

A ƙauyenmu da ke gefen Kunci gona ce ke bin gona, babu wani daji na a zo a gani. Duk da haka rabin tatsuniyoyin kakarmu, Iya Tabawa, na maharba ne. Bayan sallar isha'i takan tura karan dawa cikin murhu, ta binne gyaɗa a toka, ni da ƙanena Habu muna ta ture juna a kan tabarma guda. Mu biyu ne kawai a gabanta, don mahaifiyarmu ta rasu, Baba kuma kullum yana cirani.

Habun nan na daɗe ban sa shi a ido ba. Da shekarun wahala suka zo, taki ya fi ƙarfin talaka, damina ta yi ta yi mana gardama, sai ya bi wasu abokai suka yi yamma. 'Yan kasuwa sun ce an gan shi cikin 'yan bindigar daji. Ni kuwa aikin ɗan sanda na shiga, ba don jarumta ba, don tuwo.

Iya ba ta fara labari sai ta tsokane ni. "Angona, matso nan. Wane irin miji ne wannan, gyaɗa kawai ya sani?" Daga nan sai ta gyara zama ta ce, "Tatsuniya ta zo baƙunta, wa zai ba ta masauki?" Mu haɗa baki mu ce mun ba ta.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani maharbi mai adaka, irin bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. A wajenmu duk mai harba adaka sai ya kau da kai, don wuta na iya tsarto masa a ido, tsohuwar bindiga ma takan fashe. Shi wannan maharbi sai ya wuce gona da iri. Da ya ji motsi sai ya runtse ido, ya juya fuska, ya danna kunama. Kuma ba ya kuskure, har yana fariya wai kunnensa ya fi idon kowa gani. Wata rana da yamma ya laɓe a bakin gonarsa yana dakon gadar da ke cinye masa wake. Ya ji ganye ya motsa, ya yi yadda ya saba. Da hayaƙi ya washe, sai ga ƙaninsa kwance, ƙwaryar furar da ya kawo masa ta kife.

Habu ya daina tauna gyaɗa. "Iya, ya mutu?"

"Ina na sani? Ni ma kau da kai na yi." Ta ɗan zunguri wutar. "Ku dai ku riƙe wannan. Bindiga ba ta da ido, naka take ara."

Ban sake tuna labarin ba sai ranar da aka fara kai mu filin koyon harbi da ƙaramar bindiga. Sabuwa ce fil, tana ƙamshin mai, da ƙyar ta wuce tafin hannuna. Lauje ma ya fi ta cika hannu. Na ce a raina, wannan 'yar abar ce ake ta yi wa kirari? Ashe raina kama ka ga gayya. A can gaba an kafa allo mai siffar mutum. Na miƙe hannu biyu yadda aka koya mana, na danna. Ta zabura kamar za ta kuɓuce, kunnena ya toshe, harsashin kuwa ƙasa ya tona can nesa da allon.

Sajen da ke koya mana ya taso yana faɗa. "Kai, mutumin Kunci! Wa kake gudu? Wannan ba adakar kakanka ba ce, ba ta fashewa a fuska. Buɗe ido ka dubi abin da kake harbi!"

Wallahi ban san na kau da kai ba, wuyana ne ya yi abin da ya taso yana gani. Yaran birni suka yi ta dariya.

Na sake ɗagawa, wannan karon na duba. Allon ba shi da fuska, amma kafaɗunsa 'yan sirara ne, kuma ban gayyaci kowa ba Habu ya faɗo mini a rai. Na danna a haka. Huda ta fito a tsakiyar ƙirji. Saje ya daki bayana ya ce, "Yauwa, yanzu ka zama mutum." Abokai suna tafi, ni kuwa ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Babu wanda zan gaya wa abin da na gani. Iya ta daɗe da rasuwa, gidan ma rufinsa ya rufta.

Ina yaro na ɗauka nufin Iya shi ne mutum ya duba don kada ya yi kuskure. Yanzu na gane maharbin nan kansa yake wa sauƙi. Wanda ya kau da kai zai iya cewa tsautsayi ne, wanda ya duba kuwa ba shi da abin cewa. Har na so in tambaye ta wanne ya fi sauƙin ɗauka, ko da yake na san tsokanata za ta yi.

An ce idan mun gama horo yamma za a tura yawancinmu. Na yi ta juya abin, na tsaya a kan magana ɗaya: ba zan sake kau da kai ba. In har Allah ya haɗa ni da Habu a daji, ina so in gan shi sosai, in kira sunansa kafin yatsana ya motsa, ko da kuwa nasa zai riga nawa.